Darasi: Yadda Za Mu Ji Bakin Jama'a A Kan Dokar Ruwa

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan wata a kan ruwa ne da masu tsaron dokarsa. Mu da ke Sabon Birni da kewaye, a ƙasar Gwarzo da Kabo, muna da madatsun Guzuguzu da Magaga da Pada. Ruwan da ya wuce mu yakan faɗa kogin Challawa, ya haɗu da kogin Kano, ya gangara Haɗeja. Tun da aka gama Tiga a 1974, da madatsar Challawa a 1992, ambaliyar da mutanen Haɗeja da Nguru ke noma da kamun kifi da ita ta ragu. Saboda haka ne Gwamnati ba ta bar wa kowa ya yi yadda ya ga dama ba.

To, me doka ta ce? Dokar soja mai lamba 101 ta 1993 ta sa ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya a hannun Gwamnatin Tarayya. Amma ta bar wa mutum ya ɗebi ruwa kyauta domin aikin gida da shayar da dabbobi. Mai gona a bakin rafi kuma yana iya ban ruwan gonarsa ta kansa ba biya. Masu jan ruwa da yawa, kamar kamfanoni, su ne ake nema su yanki lasisi, bisa ƙa'idodin 2016 waɗanda hukumar NIWRMC ke lura da su.

Abin da ba mu sani ba shi ne yadda jama'armu ke ganin aikin hukuma. Ana matsa wa ƙanana ne a ƙyale manya? Ko kuwa ba a hana kowa kome, har mai babban inji yana shanye rabon na ƙasa da shi? Kada shugaban ƙungiya ya amsa a madadin kowa. Sai mu fita mu tambaya.

Nan ne aikin yake. In mun tara mutane a ƙofar mai unguwa muka ce, "Kuna son doka?" kowa zai dubi bakin babba, ya ce i. Wannan ba jin ra'ayi ba ne. A bi mutum gonarsa ko gidansa, a gaisa, a gaya masa ba za a rubuta sunansa ba, kuma ba haraji ya kawo mu ba. Mutanenmu suna tsoron takarda da alƙalami, da dalilinsu kuwa.

Sa'an nan a lura da wanda ake tambaya. Mai gona a bakin madatsa, doka takura ce a gare shi. Wanda ke can ƙarshen hanyar ruwa, wanda tumatirinsa ke yaushi a watan Maris, shi yana roƙon a zo a tsawata. In an tambayi goma a sama, a tambayi goma a ƙasa. Kada a tsaya ga waɗanda muke gani ran Lahadi kaɗai, gama rafin ba na ƙungiyarmu ba ne. A je wurin maƙwabtanmu Musulmi, da Fulani masu shayar da shanu, da masunta. Mata kuwa, mace ce za ta shiga ta tambaye su, don su ne suka san ranar da rijiya ta ƙafe.

Tambayar kanta kada ta ja mutum. "Ba ka ganin ma'aikata suna zalunci?" ta riga ta ba shi amsa. Gara a fara da abin da ya gani da idonsa. Ma'aikacin ruwa ya taɓa zuwa nan? Yaushe? Me ya hana, wa ya hana? An karɓi kuɗi, an ba da rasit? Daga baya a ce, "Kai me kake so a yi?" Wanda ya ce bai taɓa jin dokar ba, a rubuta haka, wannan ma amsa ce babba.

Kowace ƙungiya ta zaɓi mutum biyu da mace ɗaya masu iya rubutu. Sakatare ya ƙirga amsoshin, na sama dabam, na ƙasa dabam, a karanta wa kowa a taro kafin a kai wa dagaci da ofishin gona na ƙaramar hukuma. A gama kafin a fara noman rani.