Yadda Ake Sauke Mota a Duniyar Mars, a Kuma Tuƙa Ta Daga Nan

A ranar 18 ga Fabrairu, 2021, wata mota mai ƙafa shida da ake kira Perseverance ta dira a duniyar Mars bayan tafiyar kusan wata bakwai. Ba direba a cikinta, kuma babu mai riƙe da sitiyarinta a nan. Saƙon rediyo, duk da saurinsa irin na haske, yakan ɗauki minti 3 zuwa 22 kafin ya isa can, gwargwadon tazarar da ke tsakanin duniyoyin biyu a lokacin. Saboda wannan jinkiri, duk abin da motar za ta gamu da shi sai an yi tunaninsa tun kafin ya zo. Ga yadda aikin ke tafiya.

Mataki na farko: leƙe daga sama

Ba a tura mota wurin da ba a san shi ba. Tun shekarar 2006 kumbon Mars Reconnaissance Orbiter na hukumar NASA ta Amurka yake kewaya Mars, ɗauke da kyamarar da ke iya bambance dutsen da faɗinsa bai wuce mita ɗaya ba. Hotunansa sun nuna wani ƙaton rami mai faɗin kilomita 45 da ake kira Jezero. A gefensa akwai busasshiyar hanyar kogi da ta ɓalle bakin ramin, ta baza laka da tsakuwa a ciki. Masana sun fahimci cewa tafki ne ya kwanta a wurin fiye da shekara biliyan uku da rabi da suka wuce. Wata na'urar kumbon ta gano yumɓu, shi kuwa yumɓu yana adana alamun ƙananan halittu. Masana duwatsu na son gangare da tsagin dutse, injiniyoyi na son fili shimfiɗaɗɗe, don haka aka yi shekaru ana muhawara kafin a tsayar da Jezero a 2018.

Mataki na biyu: ƙira da gwaji

An haɗa motar a cibiyar JPL da ke Kalifoniya, a ɗakin da ma'aikata ke shiga a rufe daga kai har ƙafa, don kada ƙwayoyin cutar duniyarmu su bi ta su rikita binciken. Nauyinta kilo 1,025. Kusan kowane sashe nata darasi ne daga magabatanta. Opportunity, wadda aka tsara ta yi kwana 90 amma ta yi shekara goma sha huɗu, da hasken rana take aiki, kuma guguwar ƙura ce ta rufe mata rana a 2018. Perseverance tana samun lantarki daga zafin sinadarin fulutoniyam, dare da rana. Duwatsu masu kaifi sun huhhuda tayoyin Curiosity da ta sauka a 2012, sai aka ƙara wa na sabuwar kauri. Akwai kuma tagwaiyarta a wani fili mai yashi da duwatsu a JPL, a kanta ake gwada duk abin da ake shakka.

Mataki na uku: harbawa

Sau ɗaya a wata 26 duniyoyin biyu ke daidaita yadda tafiyar za ta yi sauƙi, kuma damar 'yan makonni ce. Shi ya sa a watan Yulin 2020 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Sin da Amurka duk suka harba nasu kumbon. Na Amurka ya tashi ranar 30 ga wata daga Fulorida. Ana saita shi ne zuwa inda Mars za ta kasance bayan wata bakwai, ana gyara masa hanya kaɗan-kaɗan.

Mataki na huɗu: minti bakwai na sauka

A nan ne zukata ke tsinkewa. Iskar Mars ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na tamu ba: ta isa ta ƙone kumbo, amma ba ta isa ta tsayar da shi ba. Kumbon na shigarta da gudun kusan kilomita 20,000 a awa, garkuwar da ke gabansa ta yi zafin da ya kai digiri 1,300. Bayan kamar minti huɗu sai laima mai faɗin mita 21.5 ta buɗe, garkuwar ta faɗi, kyamara ta soma ɗaukar hoton ƙasa. Kwamfuta na gwama hotunan da taswirar da kumbon sama ya zana tuntuni, ta gane inda take, ta zaɓi wurin da ba duwatsu.

Saura kimanin kilomita biyu, sai a rabu da laimar, wani sashe mai injinan roka takwas ya karɓi aikin. Ba ya kaiwa ƙasa, domin wutarsa za ta tayar da tsakuwar da za ta yi wa motar lahani. Sai ya rage gudu ƙwarai, ya zuro ta da igiyoyi masu tsawon mita shida da ɗoriya. Tayoyi na taɓa ƙasa aka yanke igiyoyin, shi kuma ya yi gefe ya faɗi can nesa. A ranar, saƙo na ɗaukar fiye da minti 11. Ke nan lokacin da injiniyoyi suka ji kumbon ya shiga iskar Mars, motar ta riga ta sauka. Ba abin da ya rage musu sai jiran labarin aikin da suka gama tun kafin nan.

Mataki na biyar: tuƙin yau da kullum

Kwanan Mars ya fi namu tsawo da kusan minti 40. A watannin farko ma'aikata kan bi agogon can, lokacin aikinsu na gusawa kullum har rana ta koma musu dare. Idan wani kumbo ya gifta ta saman motar, sai ta miƙa masa hotuna da bayanai cikin 'yan mintuna, shi kuma ya aiko su ga manyan farantai masu karɓar saƙo da ke Kalifoniya da kusa da Madrid da Kanbera. An rarraba su haka ne don duk yadda duniyarmu ta juya a samu mai fuskantar sama ta wajen Mars.

Masu tsara tafiya kan sa tabarau na musamman su ga tudu da kwari a hotunan, su zana hanya, su gwada ta a kwamfuta, sannan a aika umarnin yini guda da safiyar Mars. Inda hoto bai kai ba, motar na duba gabanta ta kauce wa cikas da kanta. Gudunta bai wuce kimanin mita 150 a awa ba, kuma dalilin wannan taka-tsantsan a fili yake: a 2009 motar Spirit ta kafe a yashi mai laushi, ba ta sake fita ba. Can babu mai turi, babu bakanike. Sannu ba ta hana zuwa.

Mataki na shida: tambayar dutse

Daga nesa, na'urar da ke kan wuyan motar na harba wa dutse siririn haske mai ƙuna, ta karanta sinadaransa daga tartsatsin. Idan ya cancanta, hannu mai tsawon mita biyu ya kankare fuskarsa don a duba ciki. Daga nan a haƙo ɗan guntu mai kaurin alli, a zura shi cikin bututun ƙarfe, a liƙe. Gwajin farko a Agustan 2021 ya dawo da bututu wayam, domin dutsen ya marmashe. Aka nemi mai tauri, aka dace a Satumba. A Yulin 2024 aka samu dutsen da aka raɗa wa Cheyava Falls, mai ɗigo-ɗigon da ka iya zama aikin ƙananan halittu na dā, ka iya kuma zama aikin sinadarai kawai.

Raba gardamar sai an kawo guntayen nan ɗakunan bincike na duniyarmu, inda na'urori suka fi ƙarfin abin da mota ke iya ɗauka. An ajiye bututu goma a ƙasan Jezero tsakanin Disamban 2022 da Janairun 2023, sauran suna cikin motar, kuma kumbon da zai ɗauko su aiki ne mai tsada ƙwarai. A ganina bai kamata a bar shi ba, domin amsar ko an taɓa yin rayuwa a wata duniya ta shafi kowane ɗan Adam. Kafin nan, NASA na zuba hotunan motar a intanet kyauta yadda suka iso, kuma duk ɗalibin da ke da waya zai iya buɗe su ya yi nazarin duwatsun da masana ke muhawara a kai.