Jinkirin Buɗewar Org a Cikin Emacs: Yadda Ake Gano Musabbabinsa

Gabatarwa

Emacs manhaja ce ta rubutu wadda Richard Stallman ya fitar a shekarar 1985 a ƙarƙashin shirin GNU. A shekarar 2003 Carsten Dominik, masanin ilimin taurari a Jami'ar Amsterdam, ya ƙirƙiro mata wani sashe mai suna Org domin tsara bayanai da jadawalin ayyuka, kuma daga 2007 aka riƙa fitar da su tare. Masu bincike da dama na adana bayanan gwaje-gwajensu a cikinsa. Sai dai yayin da bayanai suka taru, sau da yawa manhajar kan ɗauki lokaci kafin ta buɗe, har wasu su fusata su share tsarin da suka yi shekaru suna ginawa. Wannan asara ce da ba ta zama dole ba. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, don haka manufar wannan maƙala ita ce nuna yadda ake gano musabbabin kafin a nemi magani.

Jinkiri Iri Uku

Zazzaɓi alama ce ta cututtuka daban-daban, to haka jinkiri yake. Akwai jinkirin tashin Emacs kanta, lokacin da take karanta fayil ɗin tsare-tsare mai suna init.el. Akwai na buɗe fayil ɗin Org na farko. Sannan akwai na haɗa jadawalin ayyuka. Kowannensu da nasa dalili, kuma maganin ɗaya ba ya warkar da ɗan'uwansa. Umarnin emacs-init-time yana nuna daƙiƙoƙin da tashin ya ci. Idan adadin kaɗan ne amma ana fama da jira, to matsalar tana cikin biyun ƙarshe.

Gwaji da Abin Kwatanci

A ɗakin gwaji ba a yanke hukunci sai an ajiye wani samfuri da ba a taɓa ba, domin kwatantawa. A nan abin kwatancin shi ne a tayar da manhajar da umarnin emacs -Q, wanda ke sa ta tashi ba tare da ta karanta tsare-tsaren mai ita ba, sannan a buɗe fayil ɗin da ke yin nauyi. Idan ya buɗe nan take, laifin yana cikin init.el.

Daga nan sai a bi hanyar rabawa biyu. A kashe rabin layukan fayil ɗin, a sake tayarwa, a auna. Rabin da jinkirin ya bi, shi za a sake rabawa. Fayil mai layi 1,000 ba ya buƙatar fiye da gwaji goma, domin idan aka ninka biyu sau goma ana samun 1,024. Sharaɗi guda shi ne a canza abu ɗaya tak a kowane gwaji, a kuma rubuta sakamakon.

Idan kuwa jinkirin ya ci gaba ko da an yi amfani da -Q, sai a kunna profiler-start, a buɗe fayil ɗin, sannan a kira profiler-report. Wannan zai jera ayyukan da suka cinye lokacin.

Wuraren da Aka Fi Samun Matsala

Na farko shi ne umarnin require a cikin init.el, wanda ke tilasta a loda Org gaba ɗaya tun ba a buƙace shi ba. Maganinsa a sanya tsare-tsaren cikin with-eval-after-load, su jira sai an buɗe fayil ɗin Org.

Na biyu shi ne org-modules, jerin ƙananan sassa da ake lodawa a buɗewar farko, har da masu haɗa Org da akwatin wasiƙu. Wanda ba ya amfani da su sai ya rage jerin.

Na uku shi ne org-agenda-files. Kafin a haɗa jadawali sai an buɗe kowane fayil da ke cikin wannan jeri. Wanda ya zuba ɗaruruwan fayiloli a ciki dole ya jira. A bar masu ɗauke da ayyukan da ba a kammala ba, a kwashe tsofaffin zuwa ma'ajiya.

Bugu da ƙari, Emacs kan dakata ta share ƙwaƙwalwarta duk lokacin da sababbin bayanai suka kai bayit 800,000. Ɗaga gc-cons-threshold lokacin tashi yana rage yawan dakatawar, amma a mayar da shi ƙasa bayan an tashi.

Kammalawa

Wanda ya rage abin da zai iya ragewa, yana iya tayar da Emacs sau ɗaya da umarnin emacs --daemon ta zauna a ɓoye, ya riƙa shiga da emacsclient ba tare da jira ba. Amma wannan rufe alama ne kawai. Kafin a taɓa komai, a kwafi init.el a ajiye a gefe, a auna lokacin, sannan a fara gwaji.