Ɗana, Kada Takardar Gwajin Hanji Ta Hana Ka Barci

 Na ji an ce sakamakon gwajin hanjinka ya fito, kuma tun daga ranar ba ka da sukuni, saboda haka zauna mu yi magana a tsanake.

Aikin da aka yi maka, inda ake cire babban hanji a naɗe ƙarshen ƙaramin ya zama jakar da za ta riƙe bayan gida, likitoci biyu ne, Parks da Nicholls, suka bayyana shi a Landan a 1978. A nan wajenmu ba a cika yin sa ba, mun fi sabawa da taifot mai huda hanji. Bayan aikin sukan leƙa jakar da na'ura, su tsinko ɗan nama kamar ƙwayar gero, a kai ɗakin gwaji irin na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a duba shi a madubi.

To ka saurara da kyau, domin nan ne mutane ke ruɗewa. Ƙaramin hanji ba don ajiyar bayan gida aka halicce shi ba, saboda haka idan aka ɗora masa wannan aiki sai fatar cikinsa ta sauya, ta fara kama da ta babban hanji, kuma kusan duk wanda aka duba za a ga alamar daɗaɗɗen kumburi, har wanda ke noma gonarsa lafiya ƙalau. Likita ba ya cewa jakar ta kamu da ciwon kumburi sai ya haɗa abin da madubi ya nuna da abin da idonsa ya gani da abin da kai kake ji: yawan zagayawa, murɗar ciki, wani lokaci jini ko zazzaɓi. Kusan rabin waɗanda aka yi wa aikin saboda gyambon babban hanji sukan gamu da wannan ciwo ko sau ɗaya, kuma galibi maganin mako 2 ke kwantar da shi. Sankara a jakar kuwa ba kasafai ake samunta ba.

Abin da nake jiye maka shi ne masu ba da shawara. Kada ka miƙa takardar ga mai kemis a kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya haɗa maka ƙwayoyi, domin magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac suna iya tayar da kumburin, sannan tarin fuka na hanji yakan yi kama da wata cutar kumburin hanji mai suna Crohn a madubi, alhali maganin da ke danne Crohn yana iya rura tarin fuka.

Na san kuɗin mota daga Gagarawa ko Sule Tankarkar ba wasa ba ne a wannan zamani. Duk da haka, ka yi wa takardar hoto ka adana, ka haɗa ta da katinka na asibiti, ka koma wurin likitan da ya yi maka aikin ranar da ya sa maka, kuma kada kunya ta hana ka tambayarsa yaushe za a sake dubawa.