Cututtukan Kan Nono da Aikin Gyaransa

Mata da yawa suna jin nauyin nuna ƙirjinsu a asibiti. Wasu kuma tsoro suke ji kada a ce za a yanke. Sai a zauna gida ana shafe-shafe har ciwo ya ci ƙarfi. Wannan darasi zai nuna miki ciwon da ke da sauƙi, da wanda ba ya jira, da gyaran da likita ke iya yi bayan aiki.

1. Kan nono da ya shige ciki

Akwai matan da kan nononsu ya shige ciki tun suna 'yan mata. Wannan halitta ce. Hanyoyin da ruwan nono ke bi ne suka yi gajarta, suna jan kan zuwa ciki. Yawancin irin waɗannan mata suna shayarwa lafiya, domin jariri ba kan nono kaɗai yake kamawa ba, har da baƙin da ke kewaye da shi. Ungozoma za ta nuna miki yadda za ki ɗora shi.

Ana iya fito da kan da ƙaramin aiki. Amma wani lokaci sai an yanke hanyoyin nan, kuma hakan na iya hana shayarwa da wannan nono. In kina sa ran haihuwa, ki faɗa wa likita tun kafin a sa ranar aiki.

2. Tsagewa lokacin shayarwa

Mafi yawan tsagewa daga kamun jariri take. A gyara kamu: bakinsa ya buɗe sosai, haɓarsa ta taɓa nono. Bayan ya sha, ki shafa ɗigon ruwan nononki a wurin, ki bari ya bushe. Kada a sa toka, ko barkono, ko man bilicin. Kada ki daina shayarwa. In nono ya kumbura da zafi da zazzaɓi, ki zo asibiti a ranar, kafin ya tara mugunya.

3. Alamun da ba sa jira

Ki zo asibiti cikin makon nan in kin ga ɗaya daga cikin waɗannan:
– kan nono da a da yake tsaye, yanzu ya fara shigewa ciki;
– jini ko ruwa garai yana fita da kansa daga nono ɗaya;
– ɓawo ko gyambo a kan nono ɗaya, mai ƙaiƙayi, wanda ya ƙi jin magani;
– ƙullutu a nono, ko kaluluwa a hammata;
– fatar nono ta yi kauri da ramuka kamar ɓawon lemo.

Alama ta uku tana ruɗin mutane, domin ta yi kama da ciwon fata. Wani likitan Ingila, James Paget, ya bayyana ta a 1874, kuma sau da yawa akwai sankara a ƙarƙashinta. Ido ba ya rabewa. Sai an gutsuri fata kaɗan an kai ɗakin gwaji.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 an gano sankarar nono a jikin mata miliyan 2.3, kuma wajen 670,000 sun rasu. Wadda aka gano tata da wuri ta fi samun warkewa. Rashin zafi ba shaidar lafiya ba ne, domin sankara kan fara ba zafi. Maza ma tana kama su, ko da yake ba kasafai ba.

4. Yadda ake gyara kan nono

In an cire nono ko kansa saboda sankara, ƙuna ko rauni, likitan gyaran jiki na iya yin sabo. Akan jira wata 3 zuwa 6 bayan an gyara nonon, don kumburi ya saɓe. Ƙaramin aiki ne. Yawanci allurar kashe wurin ta isa, kuma a ranar ake komawa gida. Hanyoyi uku ne:
– a ɗaga fatar wurin, a naɗe ta, a ɗinke ta tsaya kamar kan nono;
– a ɗebo kaɗan daga ɗaya kan nonon, in babba ne, a dasa;
– a zana launin kan da baƙin kewayensa da allura.

Ki san iyakar aikin tun farko. Sabon kan ba ya ba da nono, ba ya jin taɓi kamar na asali, kuma yakan ɗan kwanta bayan watanni. Amma ɗaya nonon, in lafiyarsa lau, yana iya ƙosar da jariri. Taba da ciwon sukari da ba a kula da shi ba suna hana ɗinki kamawa. In wurin ya yi baƙi ko yana wari, ki koma nan take.

Ba kowane asibiti ke da likitan wannan aiki ba. Ki nemi takardar turawa. Kuma ba dole ba ne: wata takan zaɓi gyara, wata ta bar shi. Abin da ke dole shi ne a fara da maganin ciwon. Maigida, rakiyarka da kuɗin mota suna cikin magani.

Tambayoyi don tattaunawa
1. Mene ne bambancin kan nono da ya shige tun ƙuruciya da wanda ya shige kwanan nan?
2. Faɗi alamu uku da ba sa jira.
3. Me za ki gaya wa maƙwabciyar da ke tsoron zuwa asibiti?