KUƊIN KIRIFTO: ASALINSU, AMFANINSU DA HAƊARINSU

A 'yan shekarun nan wata sabuwar kalma ta shiga bakin jama'a, musamman samari da 'yan kasuwa, watau kirifto. Ana jinta a Kantin Kwari ta Kano, ana jinta a Sabo ta Ibadan da Agege ta Ikko, har da ƙauyukan da wayar hannu ta kai. Waɗansu na cewa hanyar arziki ce, waɗansu kuwa na cewa zamba ce tsagwaronta. An shirya wannan ɗan littafi domin a bayyana wa mai karatu asalin abin, da yadda yake aiki, da kuma matsayinsa a dokar ƙasarmu.

Daga Wuri Zuwa Naira

Kafin a gane sabon kuɗi, ya kamata a tuna da tsohon. Kakanninmu da wuri suka yi ciniki, kalmar "kuɗi" ma ita kanta jam'in "wuri" ce. Wurin nan kuwa daga nesa ake kawo shi, daga tsibiran Maldibis na Tekun Indiya. Ba a cinsa, ba a ɗinka riga da shi, amma ana sayen doki da shi, domin wanda ya karɓa yau ya tabbata maƙwabcinsa zai karɓa daga hannunsa gobe. Da fataken Turai suka shiga jigilar wani irin wuri daga Zanzibar a ƙarni na 19, jirgi bayan jirgi, sai ya yi yawa, darajarsa ta zube, har ya zamana mai sayen abu mai tsada sai ya nemi jaki ko ɗan dako ya kai masa kuɗinsa kasuwa. Daga baya fam da sule suka maye gurbinsa, ran 1 ga Janairu, 1973 kuma aka koma naira da kwabo.

Abu biyu ke nan suke riƙe da darajar kowane kuɗi: yardar jama'a, da rashin yawansa fiye da kima. A wajen naira, Babban Bankin Nijeriya shi ne ke bugawa, shi ne kuma doka ta ɗora wa nauyin tsare darajarta. Kirifto ba shi da irin wannan uban gida, kuma daga nan ne alherinsa da sharrinsa suka samo asali.

Yadda Bitcoin Yake Aiki

A watan Oktoba na 2008, lokacin da manyan bankunan Amurka da Turai ke tangal-tangal, wani mutum, ko wata ƙungiya, mai amfani da sunan aro Satoshi Nakamoto ya fitar da wata 'yar takarda mai shafi tara, yana bayanin yadda mutum zai biya ɗan'uwansa kuɗi ta intanet ba tare da banki ya shiga tsakani ba. Ran 3 ga Janairu, 2009 tsarin ya fara aiki, aka sa masa suna Bitcoin.

Ga misali. A ce a wata kasuwa babu mai riƙe tsaba, sai littafin lissafi, inda ake rubuta cewa wane ya ba wane kaza. In littafin a hannun mutum guda yake, yana iya goge wani abu da dare, ya ƙara wa kansa. To, amma in kowane mai rumfa yana da kwafinsa, kuma ba a buɗe sabon shafi sai an gwada an ga ya dace da na sauran, maƙaryaci ba shi da inda zai ɓuya. Haka Bitcoin yake. Dubban kwamfutoci a ƙasashe dabam-dabam suna riƙe da littafi iri ɗaya, ana ƙara masa shafi kamar kowane minti 10, kowane shafi kuma an ɗaure shi da na bayansa ta hanyar wani lissafi mai wuyar warwarewa. Littafin nan shi ake kira bulokcen, watau sarƙar shafuffuka. Babu wani ƙarfe ko takarda da ake kira Bitcoin. Abin da mutum ya mallaka shi ne abin da aka rubuta a littafin.

Masu manyan na'urori suna tsere wajen warware lissafin kowane shafi, wanda ya riga sai a ba shi lada da sabon Bitcoin. Wannan aiki shi ake kira haƙa, ko mainin, yana kuwa cin wutar lantarki ƙwarai da gaske. Da farko ladan shafi guda Bitcoin 50 ne, amma ana raba shi biyu kamar kowace shekara huɗu: ya koma 25 a 2012, sa'an nan 12.5 a 2016, da 6.25 a 2020, a watan Afrilu na 2024 kuma ya zama 3.125. An ƙayyade cewa jimillar Bitcoin ba za ta wuce miliyan 21 ba. Wanda ya tsara shi dai ya yi nufin kada abin da ya sami wuri ya same shi.

A nan ya kamata a ce wani abu game da danne-dannen waya da ya cika gari a 2024, lokacin da aka ga yara da manya suna ta taɓa fuskar waya dare da rana da sunan mainin. Wannan ba haƙa ba ce a ma'anar da aka bayyana a sama. Hanya ce ta tara jama'a da talla, kuma da ranar rabo ta zo, da yawa abin da suka samu bai taka kara ya karya ba.

Biyan Kuɗi Da Kirifto

Cinikin farko da aka yi suna da shi ya auku ran 22 ga Mayu, 2010, inda wani mutum a jihar Fulorida ta Amurka ya ba da Bitcoin 10,000 aka kawo masa faifan fiza biyu. Tun daga nan aka ƙirƙiro dubban ire-irensa, cikinsu har da Ethereum da ya fito a 2015. Sai dai Bitcoin bai zama kuɗin cefane ba, domin littafinsa ba ya ɗaukar ciniki da yawa a lokaci guda, farashinsa kuma ba ya zama wuri ɗaya. Mai shagon da ya sayar da buhun shinkafa da safe ba zai so kuɗinsa su ragu kafin la'asar ba.

Saboda haka aka fito da wani nau'i da aka jingina darajarsa da dalar Amurka, kamar USDT na kamfanin Tether. Kamfanin yana alkawarin cewa kowane guda ɗaya da ya fitar akwai dala ɗaya, ko abin da ya kai darajarta, a ajiye. Irin wannan ne 'yan kasuwarmu suka fi amfani da shi, wajen biyan masu kaya a Sin da Dubai, haka kuma waɗanda ke aiki a ƙasashen waje suna aiko wa iyalansu da shi, domin yana isa cikin mintoci, ladan aike kuma sau da yawa bai kai na hanyoyin da aka saba ba. Wannan amfani na gaskiya ne, ba kuwa ƙarami ba. Kamfanin bincike na Chainalysis ya sa Nijeriya ta biyu a duniya wajen rungumar kirifto a 2023, ya sake sa ta ta biyu a 2024. Amma fa alkawari ne ke riƙe da darajar, alkawari kuwa yana iya tashi: a watan Mayu na 2022 wani mai suna TerraUSD, wanda shi ma aka ce daidai yake da dala, ya rushe cikin 'yan kwanaki.

Ƙasar El Salbado ta mai da Bitcoin halattaccen kuɗin ƙasa a watan Satumba na 2021, amma a farkon 2025 ta gyara dokar, ta daina tilasta wa 'yan kasuwa karɓarsa.

Lalle mai karatu ya lura da wannan: abin da aka aika a kirifto ba ya dawowa. In an kuskure lambar asusu, ko an aika wa ɗan damfara, babu manajan da za a je a yi wa kuka. Asusun da mutum ke riƙe da kansa kuma mabuɗinsa waɗansu kalmomi ne, yawanci 12 ko 24. Wanda ya san su ya mallaki dukiyar, wanda ya batar da su ya rabu da ita har abada, ko da magada ne bayan rasuwar mai ita.

Ajiyar Dukiya

Dalilin da ya sa mutane ke neman wurin ajiya a bayyane yake. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a 2024 kuwa ta haura naira 1,500, tsadar kaya kuma ta wuce kashi 30 cikin 100. Bahaushe ya daɗe da sanin maganin wannan: ya sayi saniya, ko gona, ko hatsi da kaka, mace kuma ta sayi gwal. Masu goyon bayan Bitcoin suna cewa shi ne gwal na zamani. To, bari mu duba tarihinsa. A watan Disamba na 2017 ya kusa dala 20,000, bayan shekara guda ya faɗo wajen dala 3,200. A Nuwamba na 2021 ya kai wajen dala 69,000, a Nuwamba na 2022 ya sauko ƙasa da 16,000, a Disamba na 2024 kuma ya haye 100,000. Wanda ya saya da wuri ya haƙura shekaru ya ci riba mai yawa, ba a musun wannan. Wanda kuwa ya saya ana tsakiyar hayaniya, sa'an nan rashin lafiya ko kuɗin makaranta suka tilasta masa sayarwa, ya yi asarar kashi uku cikin huɗu na jarinsa. Saniya tana haihuwa, gona tana ba da amfani. Ribar Bitcoin kuwa ba ta zuwa sai an sami mai saye da farashin da ya ɗara naka. A ganinmu abin da ke irin wannan hawa da sauka bai dace a zuba masa kuɗin abinci, ko sadaki, ko kuɗin aro ba.

Akwai kuma haɗarin masu riƙon amana. Kasuwar Mt. Gox ta birnin Tokiyo ta durƙushe a 2014, aka nemi Bitcoin wajen 850,000 aka rasa. Kamfanin FTX ya rushe a Nuwamba na 2022, a 2024 kuma kotu a Amurka ta ɗaure shugabansa, Sam Bankman-Fried, shekara 25. Kuɗin da ke bankin kasuwanci a ƙasar nan hukumar NDIC tana lamunce su har naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya, amma kirifto ba ya cikin wannan lamuni.

Mafi muni su ne masu ɗaura wa tsohuwar zamba sabon rawani. Jama'a ba su manta da MMM ba, wadda ta rufe asusun mutane a Disamba na 2016. A watan Afrilu na 2025 wata mai suna CBEX, wadda ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda da sunan cinikin kirifto, ta ɓace da dukiyar ɗimbin mutane, har hukumar EFCC ta shiga bincike. Alamarsu ba ta sākewa: riba tabbatacciya mai yawa, gaggawa, da ladan kawo sabon mutum. Da kuɗin na baya ake biyan na gaba, ran da sababbi suka daina zuwa sai a kulle ƙofa.

Abin Da Doka Ta Ce

Naira ita kaɗai ce halattaccen kuɗin ƙasa, ba wanda za a tilasta wa karɓar kirifto a madadinta. Ran 5 ga Fabrairu, 2021 Babban Banki ya hana bankuna hulɗa da masu cinikin kirifto, ran 25 ga Oktoba na shekarar kuma aka ƙaddamar da eNaira. Kada a haɗa su: eNaira naira ce ta Babban Banki a cikin waya, darajarta daidai da ta takarda. A Disamba na 2023 aka janye hanin, aka ba bankuna izinin buɗe asusu ga kamfanonin da suka cika sharuɗɗa. A watan Maris na 2025 Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a sabuwar Dokar Zuba Jari da Hannun Jari, wadda ta sa kadarorin kirifto ƙarƙashin kulawar hukumar SEC, ta kuma tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyu, ga masu kafa irin zambar nan ta biyan na gaba da kuɗin na baya.

Takardar rajistar kamfani da CAC ke bayarwa ba lasisin karɓar jarin jama'a ba ce, ko da yake 'yan zamba kan liƙa ta a bango. Duk wanda aka gayyata ya zuba kuɗi, sai ya fara bincika ko sunan kamfanin yana cikin waɗanda SEC ta amince da su. Wanda kuma aka riga aka cuta, ya adana rasit da saƙonnin waya da lambobin asusun da ya tura wa kuɗi, ya kai ƙara ofishin EFCC ko na 'yan sanda mafi kusa da shi.