Sharuɗɗan Ruwa ga Mai Neman Tirawut a Gaɓar Tekzas

Mas'alar da masu jefa fatsa a gaɓar tekun Tekzas ta ƙasar Amurka suka fi damuna da ita, tun daga Galbeston har tsibirin Padre, ita ce wannan zance da ya zama ruwan dare, wai muddin raƙuman ruwa suka kwanta to kifin tirawut mai ɗigo-ɗigo ya zo hannu. Wannan kuskure ne bayyananne, kuma na gaji da ganin mutum ya taso daga Hiyuston tun kafin asuba saboda labarin abin da wani ya kama jiya, ya tarar da teku a kwance lumui amma launinsa kamar kunun kanwa, sa'an nan ya yini yana jifa, daga bisani ya ɗora laifi a kan koto ko kalandar wata.

Kwanciyar ruwa sharaɗi ne guda, kuma ba shi ne babba ba. Tirawut mafarauci ne da ya fi dogara da ido, saboda haka abin da mai hankali zai fara dubawa shi ne ko koren ruwan nan mai haske ya matso har bakin rairayi, yadda idan ya shiga zuwa gwiwa zai iya hango ƙafarsa. Iska mai sauƙi daga kudu maso gabas, idan ta ɗore kwana biyu ko uku, ita ke turo shi. Ta kudu maso yamma kuwa, musamman wajen Galbeston, garwaya shi take yi da laka, ko da ba ta tayar da raƙumi ko ɗaya ba. Wanda bai duba inda iska ta kwana ba, haƙiƙa caca yake yi da man motarsa.

Sauran sharuɗɗan sanannu ne: watannin zafi daga Mayu zuwa Satumba, ruwan da ɗuminsa ya haura digiri 21 a ma'aunin Salsiyas, da cikowar teku daidai ketowar alfijir, lokacin da ƙananan kifaye ke tsalle cikin kwarin da ke tsakanin tudun rairayi na farko da na biyu, tsuntsaye na shawagi a kansu.

Amma ina yi muku nasiha game da haɗama, domin tun bayan sanyin Fabrairun 2021, wanda ya hallaka kifi kimanin miliyan 3.8 a wannan gaɓa, hukuma ta tsananta doka, har a 2024 ta mayar da haddin tirawut kifi 3 a yini, masu tsawon inci 15 zuwa 20. Ranar da ruwa ya yi kore mutum kan cika wannan adadi kafin hantsi, kuma wajibi ne ya tsaya nan, ya saki sauran da ransu.