Koyon Tuƙin Jirgin Sama A Ƙasa

Akwai waɗansu mutane a Ingila da Amurka da sauran ƙasashe waɗanda abin sha'awarsu shi ne tuƙin jirgin sama a cikin kwamfuta. Yawancinsu ba matuƙa ba ne. Wani akawu ne, wani makaniki, wani tsohon soja. In ya taso daga aiki sai ya zauna gaban allo, ya kama sanda, ya ɗora ƙafafunsa bisa matakai biyu, ya ta da jirgi ya kewaya ya sauka, alhali kuwa yana cikin ɗakinsa. Wasan ya bazu ƙwarai tun shekara ta 1982, sa'ad da kamfanin Microsoft ya fitar da nasa mai suna Flight Simulator. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, da yawa cikinsu ba su damu da jiragen zamani ba. Tsofaffin jiragen da aka koya wa sojoji tuƙi da su a Yaƙin Duniya na Biyu su ke nema, har su kan samo littattafan koyarwa na lokacin su bi darasi bayan darasi. Gardamar da ba ta ƙarewa tsakaninsu kuwa ita ce, ko mutum ya iya koyon tuƙi na gaske yana ƙasa? Ina so mu duba wannan tambaya, gama magana ce ta koyarwa, kuma rayuka da yawa sun salwanta kafin a sami amsarta.

Ɗaya daga cikin jiragen nan shi ne Tiger Moth, na kamfanin de Havilland a Ingila, wanda ya fara tashi a 1931. Fukafukansa hawa biyu ne, na katako, an lulluɓe su da yadi. Injinsa ƙarfin doki 130 ne kurum. Ba shi da birki, kuma da hannu a ke juya farfela kafin injin ya tashi. An ƙera fiye da 8,000. Malami ya kan zauna a gaba, ɗalibi a baya, kowa da sandarsa, kansu a waje iska na dukansu. Malamai sun so shi domin ba shi da wuyar tashi, amma ba ya rufa wa mai sakaci asiri: ƙaramin kuskure sai ya nuna. Wanda ya ƙware a kansa sai a ciyar da shi gaba zuwa Harvard, jirgin Amurka mai ƙarfin doki 600, wanda tayoyinsa ke naɗewa.

Wannan zama na malami da ɗalibi yana da tarihi. A farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, masu koyarwa a rundunar sama ta Ingila matuƙa ne da aka dawo da su daga bakin dāga don su huta. Ba wanda ya koya musu koyarwa. Ƙarar injin ba ta barin ɗalibi ya ji magana, kuma abin da a ke gaya masa game da hatsari shi ne ya guje shi. Samari da yawa suka mutu tun ba su ga abokin gaba ba. A 1917 wani hafsa, Robert Smith-Barry, ya buɗe makaranta a Gosport inda malamai su kansu suka zama ɗalibai. Aka sa bututun roba daga bakin malami zuwa kunnen ɗalibi, don a yi bayani a daidai lokacin da abu ke faruwa. Sa'an nan ya yi abin da mutane suka ɗauka hauka ne. Ya umarta a hau da ɗalibi can sama, a sa jirgin da gangan ya sunkuyo yana juyi kamar katantanwa, a nuna masa yadda a ke fita, a maimaita har tsoro ya bar shi. A ganina ba a yi wani gyara a koyar da tuƙi da ya fi wannan ba.

Amma akwai hatsarin da bututu bai magance ba, watau gajimare. A cikin kunnen mutum akwai waɗansu 'yan hanyoyi uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, su ne ke gaya mana mun juya. Farkon juyi kaɗai su ke ji. In juyin ya daɗe bai ƙaru ba bai ragu ba, ruwan sai ya natsu, mutum ya ɗauka ya miƙe. A ƙasa ido ya kan gyara wannan ƙarya. A cikin gajimare kuwa ido ba shi da abin dubawa. Jirgi ya karkata, matuƙi bai sani ba. Ya ga yana gangarawa, ya ja sanda, jan nan kuwa sai ya ƙara matse kewayen har ya kai ƙasa. A 1954 Jami'ar Illinois ta gwada matuƙa 20 waɗanda ba su koyi tuƙi da agogunan jirgi ba, aka hana su ganin waje. Dukansu jirgin ya ƙwace musu, kuma in an raba lokacin daidai, kowannensu daƙiƙa 178 ya yi. Ku lissafa, bai cika minti uku ba.

Magani shi ne mutum ya ƙi gaskata jikinsa, ya gaskata agogo. To, wannan kam ana iya koyonsa a ƙasa, kuma wanda ya nuna haka shi ne Edwin Link, mutumin Binghamton a jihar New York. Ubansa mai ƙera ogan ne, irin wanda a ke kaɗawa a majami'a. Da zugazugan ogan da famfon iska ya haɗa wani akwati mai siffar ɗan jirgi, ya gama a 1929. In ka motsa sanda, zugazugai su cika ko su motse, akwatin ya karkata. Da fari soja ba su kula ba, masu wuraren wasa ne suka saya don yara su hau. Sai a 1934 gwamnatin Amurka ta ɗora wa sojan sama jigilar wasiƙu, dare da rana, cikin hunturu. Cikin 'yan makonni matuƙa fiye da goma suka mutu. A shekaran nan soja suka sayi akwati shida, kowane dala 3,500. Lokacin yaƙi an ƙera fiye da 10,000, matuƙa fiye da 500,000 suka bi ta cikinsa. Shuɗi a ke shafa masa. Ɗalibi ya shiga a rufe shi, malami yana zaune a tebur yana yi masa magana ta waya, wata 'yar na'ura da a ke kira ƙaguwa tana tafiya bisa taswira tana zana hanyarsa da tawada. Da yawa cikin malaman nan mata ne.

Ga nawa ra'ayin game da gardamar masu kwamfuta. Abin da ke gabansu jikan akwatin Link ne, kuma ya gaji halin kakansa. Karatun agogo, bin kamfas, jerin abin da za a duba kafin a tashi, duk ya kan koyar da su sosai. Amma Tiger Moth da jiki a ke tuƙa shi. In ya zame gefe, iska ce za ta bugi kuncin matuƙi ta gaya masa, allo kuwa ba ya hura iska. Malaman tuƙi su kan yi kukan cewa ɗalibin da ya saba da kwamfuta ya kan kafa ido a kan agogo, ya manta da duban waje. Akwai kuma abin da masu gardama ba su cika ambata ba: akwatin Link ba ya aiki sai da mutum a tebur. Ƙaguwa ta zana kuskure, malami ya ɗauki takardar ya zauna da ɗalibi su bi ta layi layi. Mai tuƙi shi kaɗai a ɗaki ya iya maimaita kuskure ɗaya sau ɗari, hannunsa ya saba da shi, ba mai ce masa kul.

Wanda za shi koyar da darasin kunne a aji ya iya nuna wa yara wannan da kujera mai juyawa. A zaunar da yaro ɗaya, a ɗaure masa ido, a ce ya nuna da babban yatsa wajen da ya ji yana juyawa. A juya kujerar a hankali, ba fizga, gudun kada ya sāke, sauran yara su yi shiru. Kafin rabin minti zai ce ya tsaya, alhali yana juyi. Sa'an nan a tsai da kujerar, zai nuna ɗaya gefen. A sa manyan yara biyu kusa da shi, kada kuma a bar shi ya miƙe sai jiri ya sake shi.